Kogon Juukan da Kujerar Na-ƙi: Gwagwarmayar 'Yan Asalin Ostareliya kan Wurarensu Masu Tsarki



Ranar Lahadi 24 ga Mayu, 2020, lokacin da annobar korona ta ɗauke hankalin duniya, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tayar da nakiya a wani kwazazzabo da ake kira Juukan, a yankin Pilbara na jihar Yammacin Ostareliya. A jikin dutsen kwazazzabon akwai kogo biyu, mallakar al'ummomin Puutu Kunti Kurrama da Pinikura. Shekara shida kafin nan, a 2014, masana tarihin ƙarƙashin ƙasa sun tona ƙasan ɗaya daga cikin kogon, suka fito da abubuwa kusan 7,000 na aikin hannun ɗan Adam. A ciki akwai duwatsun niƙa, da ƙashin kangaru da aka fiƙe ya zama tsinke tun shekara 28,000 da suka wuce, da wani guntun ɗamara da aka kitsa da gashin mutane mai shekara kusan 4,000. Da aka gwada ƙwayoyin halittar gashin, sai aka ga jini ɗaya ne da mutanen da ke raye yau a wannan yanki. Ƙasan kogon ya nuna cewa mutane sun shekara 46,000 suna shiga suna fita a wurin, har cikin zamanin ƙanƙara na ƙarshe ba su yanke ba. Kamfanin ne da kansa ya biya kuɗin wannan bincike, rahoton kuma yana hannunsa ranar da ya fasa dutsen.

Abin da ya kawo ni gabanku shi ne wani ɓangare na labarin da ya fi tayar da hankali: kamfanin bai karya doka ba. Yana riƙe da takardar izini da ministan jihar ya sa wa hannu tun 2013. Daga nan nake so in gina magana ɗaya, in bi ta har ƙarshe. Wuri mai tsarki ba ya tsira don an rubuta sunansa a rajista, ko don an ce za a yi shawara da masu shi. Yana tsira ne idan masu shi suna da ikon hawa kujerar na-ƙi, su ce a'a maganar ta tsaya a nan. Tarihin Ostareliya kuma ya nuna cewa wannan kujera ba gwamnati ce ke miƙa ta don alheri ba. Al'umma ce ke ƙwato ta da zaman dirshan da shari'a da neman abokan tafiya, kuma ko bayan an rubuta ta a doka sai an ci gaba da gadinta.

Sai mun fara fahimtar abin da ake karewa. 'Yan asalin Ostareliya, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Aborijin, ba ƙabila ɗaya ba ce. Lokacin da jiragen Ingila suka sauke fursunoni a gaɓar Sidni a 1788, harsuna kusan 250 ake yi a nahiyar, kowace al'umma da ƙasarta da iyakarta. Abin da ya haɗa su shi ne imanin cewa magabata na farkon halitta sun ratsa ƙasa, suka bar sawunsu a matsayin duwatsu da tafkuna da bishiyoyi, suka kuma bar dokar aure da gado da farauta da ladabi. Mutanen Anangu na tsakiyar hamada suna kiran wannan Tjukurpa. Turawa sun fassara shi da kalmar da ke nufin mafarki, fassarar da ta rage masa nauyi ƙwarai. Kowane wuri yana da waƙarsa da mai kula da shi, wanda ya gaji wannan nauyi kuma za a tuhume shi idan wurin ya lalace. Saboda haka dutse guda yana iya zama musu wurin ibada, kuma kundin tarihi, kuma shaidar mallakar ƙasa. Ba a ɗauke shi a kai wani wuri kamar yadda ake sauya wa kasuwa mazauni. Turawan mulkin mallaka kuwa sun ɗauki nahiyar a matsayin ƙasar da ba ta da mai ita, kuma dokarsu ta zauna a kan wannan ƙarya har 1992, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe ta a shari'ar Eddie Mabo. Dokar da ta biyo baya a 1993 ta amince da haƙƙin gado na asali, amma a kan haƙar ma'adinai abin da ta bayar shi ne damar tattaunawa ta wata shida. Idan ba a daidaita ba, wata hukuma ta yanke, kuma kusan kullum kamfani ke samun lasisinsa. Wanda ya san za a ba abokin cinikinsa kayan ko ya yarda ko bai yarda ba, wane ciniki yake yi?

Dokar da ta halatta fasa Juukan ita ce dokar kare kayan gadon 'yan asali ta Yammacin Ostareliya, ta 1972. Sunanta kariya, kuma ta haramta lalata wuri mai tsarki. Sai dai sashe na 18 ya buɗe ƙofa: mai son amfani da fili yana iya neman izinin minista ya lalata wurin. A lokacin, idan minista ya hana, kamfani yana da damar ɗaukaka ƙara; idan ya bayar, masu wurin ba su da wannan damar. Idan sabon bayani ya fito bayan an ba da izini, kamar yadda ya fito a 2014, a lokacin babu hanyar janye izinin. Daga 2010 zuwa 2020 an shigar da buƙatu 463 irin wannan a filayen haƙar ma'adinai, ba a ƙi ko ɗaya ba. Ga kuma yarjejeniyoyin da kamfanoni ke ƙullawa da al'ummomi a lokacin, waɗanda aka riƙa cusa wa sharaɗin kame baki: ka karɓi kuɗin diyya, ka yi alkawarin ba za ka fito fili ka soki aikin ba. Mutanen Juukan sun ji labarin nakiyar ne a tsakiyar watan Mayu, lokacin da suka nemi izinin ziyartar wurin, aka ce musu an riga an haƙa ramuka an ɗura. Daga baya kamfanin ya amsa a gaban kwamitin majalisar tarayya cewa tsari huɗu ya zana na faɗaɗa ramin haƙar, uku sun kauce wa kogon, kuma bai taɓa gaya wa masu wurin cewa akwai waɗannan ukun ba. An yi shawara da su shekara da shekaru, an yi taruka, an rubuta rahotanni. Duk wannan bai hana komai ba, domin a ƙarshen kowace shawara alƙalamin yana hannun wani.

Wannan ba sabon abu ba ne a jihar. A 1980, a Noonkanbah da ke yankin Kimberley, mutanen Yungngora sun hana kamfanin Amax na Amurka haƙar man fetur kusa da wani tudu da suke dangantawa da ruhin damo. Firimiyan jihar, Charles Court, ya ɗauki abin a matsayin ƙalubale ga ikonsa. A watan Agusta ya tura ayarin manyan motoci sama da 40 ɗauke da injin haƙa, 'yan sanda na yi musu rakiya a tafiyar kilomita fiye da 2,000. Mutanen suka zauna a kan hanya suna rera waƙoƙinsu, tare da wasu limaman coci da 'yan ƙwadago, aka kwashe su. Ma'aikatan injin suka ƙi aiki, gwamnati ta nemo wasu. An haƙa rijiyar, ba a sami man ba. Idan aka duba a ranar, an ci al'ummar da yaƙi. Amma a Noonkanbah aka kafa majalisar filayen 'yan asali ta Kimberley a 1978, rikicin ya kai ƙarar 'yan asali gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba, kuma a 2007 kotu ta tabbatar wa mutanen haƙƙin ƙasarsu. Shugabannin da suka ja ragamar fafutukar shekarun da suka biyo baya, da yawansu a wannan hanya mai ƙura suka koyi aikin.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne Jabiluka, domin a nan ne aka ga kujerar na-ƙi a rubuce, aka kuma ga cewa rubutun kaɗai bai isa ba. A Yankin Arewa akwai dokar ƙasa ta 1976, wadda ta mayar wa 'yan asali kusan rabin yankin, ta kuma ba su ikon hana bincike da haƙar ma'adinai a ƙasarsu. Ita ce doka mafi ƙarfi irinta a duk ƙasar. Amma tun a cikinta aka cire mahaƙar yuraniyom ta Ranger daga wannan iko, aka buɗe ta a ƙasar mutanen Mirarr duk da ƙin amincewarsu. Da aka zo kan mahaƙar yuraniyom ta Jabiluka, wadda ke maƙwabtaka da ita a tsakiyar gandun Kakadu, an sa hannu a wata yarjejeniya a 1982. Mirarr sun ce dattawansu sun gaji ne: taro bayan taro, baƙi bayan baƙi, bayan sun riga sun ga cewa a'ar da suka ce kan Ranger ba ta yi aiki ba. Haƙar ta kwanta saboda siyasar gwamnatin lokacin, har gwamnatin John Howard ta zo a 1996 ta ba da hanya. A lokacin jagorancin Mirarr yana hannun Yvonne Margarula, 'yar Toby Gangale wanda ya yi adawa da Ranger. Al'ummar tata ba ta kai ko cikin ƙaramar unguwa ba. Ita da Jacqui Katona suka yi abin da iyayensu ba su samu damar yi ba: suka gayyaci ƙasar gaba ɗaya. A 1998 mutane kusan 5,000 suka zo daga birane masu nisa suka kafa sansani, aka tare hanyar mahaƙar wata takwas, aka kama sama da 500. Ita kanta Margarula an kama ta, kotu ta ci ta tara bisa laifin shiga fili ba izini, filin da doka ta ce nata ne.

Sansanin bai dakatar da aikin nan take ba. Kamfanin da ke riƙe da mahaƙar ya haƙa rami ya shiga ƙasa. Abin da fafutukar ta yi shi ne ta sa aikin ya yi tsada ta kowace fuska. Mirarr sun kai ƙara hukumar UNESCO, wadda ta turo tawaga a 1998, tawagar ta ba da shawarar kada a ci gaba. Sun bi masu hannun jari da bankuna. Sun kuma yi amfani da wata ƙaramar dama da doka ta bar musu: kamfanin yana so ya kwashi duwatsun Jabiluka ya sarrafa a masana'antar Ranger, wannan kuwa sai da yardarsu, suka hana. Gina sabuwar masana'anta a lokacin da farashin yuraniyom ya faɗi ba riba. A 2000 Rio Tinto ya sayi kamfanin da ke riƙe da mahaƙar, a 2003 aka mayar da duwatsun da aka fitar cikin rami aka toshe, a 2005 aka sa hannu cewa ba za a sake taɓa Jabiluka ba sai da amincewar Mirarr. A Yulin 2024 gwamnati ta ƙi sabunta lasisin. A cikin wannan fili ne kogon Madjedbebe yake, inda binciken da aka wallafa a 2017 ya kai zaman ɗan Adam zuwa shekara 65,000. Ku lura: Rio Tinto ɗin da ya fasa Juukan shi ne ya ja da baya a Jabiluka. Kamfani ɗaya, halin neman riba ɗaya. Bambancin shi ne a wuri ɗaya a'ar masu ƙasa tana da haƙora, a ɗayan kuwa an cire mata su.

Mai ƙin wannan magana zai fara da tattalin arziki, kuma bai kamata a raina shi ba. Tama ita ce babbar hajar da Ostareliya ke fitarwa waje. Da harajinta ake gina asibitoci da makarantu, har da waɗanda 'yan asali ke amfana da su. Idan kowane dangi zai iya tsayar da aiki, in ji shi, wa zai zuba jari? Amsar farko tana cikin lissafin Juukan kansa. Abin da kamfanin ya samu da zaɓen tsari na huɗu shi ne tan miliyan 8 na tama mai kyau, wanda ya ƙiyasta a kan fam miliyan 75. A shekarar ya fitar da kusan tan miliyan 330 daga Pilbara. Wato an sayar da tarihin shekara 46,000 a kan abin da bai kai aikin kwana goma ba. Amsa ta biyu ita ce Yankin Arewa, inda ikon hanawa yake tun 1976 kuma haƙar ba ta mutu ba. Ana haƙar zinariya a hamadar Tanami a ƙasar Warlpiri bisa yarjejeniya, kuma mutanen Gumatj sun buɗe mahaƙar bauxite tasu ta kansu a 2017. Wanda yake da ikon cewa a'a ba kullum yake cewa a'a ba. Yawanci cewa yake yi: a nan e, a can a'a, ku karkata hanyar, ku bar wannan tafki. Ikon hanawar ne ke sa kamfani ya fito da tsare-tsaren nan uku da ya ɓoye, tun kafin a ɗura nakiya.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Yawancin ilimin waɗannan wurare sirri ne. Akwai na maza, akwai na mata, akwai wanda sai dattijon da ya kai wani matsayi. To yaya alƙali zai tantance abin da aka hana shi ji? Me zai hana wasu su ƙirƙiro tsarki rana tsaka don su hana aikin da ba sa so? An gwada wannan tambaya a tsibirin Hindmarsh, wanda masu shi ke kira Kumarangk, a Kudancin Ostareliya. Za a gina gada zuwa tsibirin, sai wasu matan Ngarrindjeri, a gabansu Doreen Kartinyeri, suka ce wurin yana da tsarkin da ya shafi al'amuran mata, wanda ba a faɗa wa maza. Aka rubuta bayanin aka rufe a ambulan, aka rubuta a bayansu cewa mata kaɗai za su karanta. A 1994 minista Robert Tickner ya hana gadar na shekara 25. Kotu ta soke hanin, cikin dalilanta har da cewa ministan bai duba abin da ke cikin ambulan ɗin da kansa ba. Ku ga tarkon: idan ya karanta an keta sirrin, idan bai karanta ba hukuncinsa ya faɗi. Sannan wasu matan Ngarrindjeri ɗin suka fito suka ce su ba su taɓa jin wannan magana ba, kuma a 1995 wani kwamitin bincike na jihar ya yanke cewa ƙirƙira ce. An buɗe gadar a 2001. A shekarar ce kuma alƙali John von Doussa na kotun tarayya, bayan ya saurari shaidun da kwamitin bai ji ba, ya ce bai gamsu cewa ƙirƙira ce ba. A 2010 gwamnatin jihar ta amince a bainar jama'a cewa imanin matan na gaskiya ne. An wanke su bayan motoci sun shekara tara suna wucewa a kan gadar.

Ba zan ce ƙarya ba ta yiwuwa ba. Duk inda haƙƙi yake akwai mai neman cin banza. Amma cewa wata mata ba ta san sirri ba ba hujja ba ce cewa babu shi, domin haka sirri yake, kuma zamanin da aka kwashe mutane zuwa sansanonin mishan aka raba yara da iyayensu ya yanke wa gidaje da yawa wannan ilimi. Maganin shakka shi ne a kafa masu tantancewa daga cikin waɗanda suka san abin. Yankin Arewa ya yi haka da dokar wurare masu tsarki ta 1989: hukuma ce mai mutum 12, goma daga cikinsu 'yan asali ne masu kula da wurare, maza biyar mata biyar, don maganar mata ta je kunnen mata. Kamfani yana zuwa tun kafin ya fara, a ba shi takardar da ta nuna inda zai taka da inda ba zai taka ba. Tsarin yana da gibi, domin minista yana iya tsallake hukumar, kuma tarar ba ta da yawa: a 2013 an ci kamfanin OM Manganese dalar Ostareliya 150,000 kan lalata wurin da ake kira Mata Biyu a Zaune, kuɗin da bai kai cikin cokali ba a harkar ma'adinai. Duk da haka ya nuna ana iya tantance sirri ba tare da an tona shi a kasuwa ba. Sannan a auna kuskuren biyu. Idan aka yi kuskuren hana gada, bayan shekara biyar ana iya gina ta. Kuskuren fasa kogo ba shi da gyara.

Akwai kuma masu cewa al'ummomin kansu a rabe suke, kuma 'yan kare muhalli na birni ne ke fakewa da su. Rabuwar gaskiya ce. A jihar Biktoriya, inda mutanen Djab Wurrung suka kafa sansani a 2018 don kare tsofaffin bishiyoyin da mata ke haihuwa a kogonsu daga aikin faɗaɗa babbar hanya, ƙungiyar da gwamnati ta amince da ita ta riga ta daidaita a kan karkata hanyar don tsirar da wasu bishiyoyi, masu sansani kuwa suka ce ba ta yi magana da yawunsu ba. Ranar 26 ga Oktoba, 2020 aka sare wata bishiya da masu sansanin ke girmamawa. Amma wace al'umma ce ba ta saɓani? Saɓani dalili ne na a ba mutane lokaci da kuɗin ɗaukar lauyoyinsu da masanansu, su yanke bisa tsarinsu na wanda ke da haƙƙin magana a kan wane wuri. Ba lasisi ba ne na mai katafila ya zaɓi ɓangaren da ya ce e ya kira shi al'umma, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Batun baƙi kuwa, 'yan asali ba su kai 4 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Ba su da ƙuri'ar da za ta kayar da gwamnati. Dole su nemi abokai. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da linzami, kuma a Jabiluka duk wanda ya shiga sansani sai da izinin Mirarr da bin sharuɗɗansu.

Na san akwai tambayar da ke zuciyar wasu a wannan zaure, gara in fito da ita. Mu Musulmi ne, ko Kirista. Ba mu yarda cewa ruhi yana zaune a dutse ba. Me ya haɗa mu da kare abin da muke gani ɓata ne? Ba wanda ya nemi mu yi imani da shi. Abin da ake tambaya shi ne ko ya halatta mai ƙarfi ya shiga ƙasar mutane, gadon kakanninsu, ya rusa abin da suka fi ƙauna don ribarsa, ba da yardarsu ba. Wannan sunansa zalunci, kuma addininmu bai ce zalunci ya zama halal idan wanda aka zalunta ba ya sallah ba. Rio Tinto ma ba wa'azi ya je yi Juukan ba, tama ya je nema. A 1991, lokacin da aka so haƙar zinariya a tudun Coronation, inda mutanen Jawoyn suka ce Bula yana kwance kuma tayar da shi bala'i ne, firaminista Bob Hawke ya hana duk da adawar yawancin ministocinsa, yana mai cewa munafunci ne mutum ya riƙe gaibin addininsa da daraja ya yi wa na wasu dariya. Mu ma mun san zafin abin ta wata fuska. Duk wanda ya ga an yanka gefen maƙabarta an yi shaguna, ko ya ga yadda gine-gine suka cinye ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ya san cewa takardar izini daga ofis ba ta mayar da ɓarna daidai.

Bayan Juukan an yi ta cewa kunya ta wadatar, kamfanoni sun ji jiki. Lallai sun ji. Asusun fansho da sauran masu hannun jari a Ostareliya da Ingila sun matsa har aka sanar a Satumbar 2020 cewa shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, da manyan jami'ai biyu za su sauka, kwamitin majalisa ya ba da shawarar sabuwar dokar tarayya, kuma a 2022 kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar gyara da masu kogon. Duk wannan ihu ne bayan hari. Jihar Yammacin Ostareliya ta yi sabuwar doka a 2021, wadda ita ma ta bar kalmar ƙarshe a bakin minista. Ta fara aiki 1 ga Yuli, 2023, manoma da makiyaya suka yi caa saboda ta ɗora wa duk mai filin da ya wuce murabba'in mita 1,100 nauyin bincike, bayan mako biyar firimiya Roger Cook ya sanar da soke ta. Aka koma dokar 1972 da 'yan gyare-gyare: yanzu masu wuri suna iya ɗaukaka ƙara, an haramta sharaɗin kame baki, dole a sanar da sabon bayani. Ci gaba ne, kuma fafutuka ce ta kawo shi. Sashe na 18 dai yana nan. Kunyar kamfani tana da wa'adi. Shugabanni suna sauyawa, farashin tama yana hawa, jaridu suna komawa wani labari.

Ko a Yankin Arewa a'ar doka tana da wa'adi: idan masu ƙasa suka ƙi, bayan shekara biyar kamfani yana iya dawowa ya sake tambaya. Haka aka yi ta dawowa wurin Jeffrey Lee, babban mai kula da ƙasar dangin Djok a Koongarra, kusa da dutsen Nourlangie mai zane-zanen dubban shekaru. A lokacin, yuraniyom ɗin da ke ƙarƙashin ƙasarsa yana hannun Areva na Faransa, kamfanin da 'yan'uwanmu na Arlit a Nijar suka sani sarai. Da ya yarda da ya zama ɗaya daga cikin attajiran ƙasar. Ya ƙi, ya ci gaba da aikinsa na gadin gandun daji. Da ya ga cewa tambayar za ta ci gaba da dawowa, kuma wata rana ba shi za a tarar ba, sai ya nemi gwamnati ta haɗe ƙasar tasa da gandun Kakadu, inda doka ta haramta haƙa. A 2011 ya tafi Faris da kansa ya tsaya gaban kwamitin UNESCO, aka shigar da Koongarra cikin wuraren gadon duniya, a 2013 majalisar tarayya ta kammala haɗewar. Fili ne na hekta 1,200 da 'yan kai, kuma sai da ya shafe shekaru masu yawa yana maimaita kalma ɗaya kafin a daina tambayarsa.